DPO ya ce mu kafa kwamitin tsaro a unguwa saboda sace-sace, anya abin nan yana aiki kuwa?

Abu Safwan:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga harkar kwamitin tsaro na unguwa, musamman mutanen Kano.

Unguwarmu sabuwa ce a bayan gari, kusan rabin gidajen kango ne ba a ƙarasa ba, kuma tun da damina ta ɗauke sata ta sako mu a gaba, ba wai fashi da bindiga ba, a'a irin 'yar ƙaramar satar nan mai cin rai, yau a zare wa wannan sumo daga rijiyar burtsatse, gobe a kwance batirin sola a masallaci, jibi ka wayi gari an yanke wayar wuta tun daga kan fol har cikin gida an tafi da mita, maƙocina har kan famfo da murfin kwata aka ɓalle masa. Waya kuwa in ka fito sallar asuba kana haska hanya da ita to kai ka so.

To shekaranjiya mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa bayan isha'i, DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankinmu, ya zo da kansa, gaskiya mutumin ya yi magana mai ma'ana, ya ba kowa lambarsa, ya ce shi ba shi da yaran da zai zuba a kowane lungu don haka mu kafa kwamiti mu ɗauki 'yan sintiri daga cikin yaran unguwa a kai masa sunayensu ya tantance, a sa get a bakin lungunan da suka ɓulle ta wajen gonaki, sannan duk satar da aka yi ko ta bokiti ce a je a rubuta a ofis. Bayan ya tafi aka yanke kowane gida zai dinga ba da 2,000 a wata, kuma wai ni ake so in riƙe littafin kuɗin.

Tun a wajen wasu suka fara ƙunƙuni, wai aikin da gwamnati ke biyan 'yan sanda su yi shi ne za a dawo a ɗora mana, kuma daga ƙarshe kuɗin a aljihun wasu zai ƙare. Ni kuma ba na son in karɓi amanar kuɗin mutane a kan abin da wata uku zai yi ya mutu. Wanda unguwarsu ta taɓa yin irin wannan ya faɗa min tsakani da Allah, satar ta ragu ko kuwa surutu ne kawai?

Dan Sahu:

Wslm. Malam wlh kada ka karbi littafin nan, bakin jini kawai zaka kwasa a banza. Ni adaidaita nake ja, kullum ina kan titi, ba abinda ban gani ba. An kwace min waya da wuka wajen karfe tara na dare na tafi caji ofis da kwalinta da rasit dina komai, aka ce in kawo kudin takarda na bayar, aka ce za'ayi tirakin in kawo na mai tirakin na bayar, da aka ce an ganota a wata unguwa sai aka ce babu mai a mota, da na lissafa abinda na kashe ya kusa rabin kudin wayar kawai na hakura na bar musu, har yau shiru kake ji.

Kuma ku duba tarihi mana, duk kwamishinan yan sandan da yazo Kano da sunan ofareshan dinsa yake zuwa, anyi zamanin Singham a 2019 ana maza kwaya mata kwaya, anyi Kan Kace Kwabo, a 2025 kuma aka zo da Kukan Kura, a karshen mulkin Ganduje 2023 har sanarwa akayi cewa kwacen waya ya zama fashi da makami, toh an daina? Mu yan adaidaita aka hana mu fita daga goma na dare zuwa shida na safe a 2022 wai damu ake barna, kafin nan 2013 an hana achaba, barayin basu ragu ba sai dai talaka ya rasa na cefane. Lokacin kwamishina Gumel ma yan dabar da aka ce sun tuba har kaki aka dinka wa mutum 50 daga cikinsu aka ce sun zama yan sandan sa kai, to in kai ne yaron da bai taba daukar wuka ba yana zaune ba aiki me zaka dauka a ranka? Ni dai shawarata kowa ya sayi kwado mai kyau ya daga katangarsa ya kwana da addu'a.

Malam Sakatare:

Abu Safwan ka karɓa, amma da sharaɗi. Ɗan uwa Dan Sahu abin da aka yi maka ba daidai ba ne kuma ba kai kaɗai ba ne, sai dai maganarka ta bayan an yi satar ce, shi kuma kwamiti amfaninsa kafin a yi ne, don ni ma ban taɓa gaya wa kowa cewa in an sace maka abu za a dawo maka da shi ba.

Ni nake riƙe da rubutun kwamitin unguwarmu, irin taku ce sak, kangwaye da filaye. Satar dare ta ragu sosai, ba zan ce ta ƙare ba amma yanzu sai a daɗe ba a ji an haura gidan wani ba, da kuwa kusan kowane sati ne. Kuma abin da ya rage ta ba wani abin mamaki ba ne, yara ne da tocila da gora da usur suna zagaye daga sha ɗaya zuwa kiran assalatu, da fitilun sola da muka kafa a kusurwoyin da suka fi duhu, sai kuma kangwayen nan, don wallahi nan ne matattara, nan ake shaye-shaye nan ake ɓoye kayan kafin gari ya waye a zo da baro a kwashe. Mun bi masu su ɗaya bayan ɗaya ta hannun mai unguwa da dillalan filaye, ko ka sa ƙofa ka share ciyawa ko ka zuba mai gadi, wanda ya yi taurin kai DPO da kansa ya aika masa takardar gayyata, a nan ne na ga amfanin a ce hukuma tana cikin tafiyar, don da mu kaɗai ne wani Alhajin ko wayarmu ba zai ɗaga ba.

Maganar kuɗi ita ce ke kashe kwamiti, ba ɓarayi ba. Kada ka yarda kuɗi ya kwana a aljihunka. A buɗe asusu, mutum uku su sa hannu, kai rubutu kawai ne naka, kuma duk ƙarshen wata bayan sallar isha'i a miƙe a masallaci a karanto abin da ya shigo da abin da ya fita har kuɗin batirin tocila, a ɗauki hoton shafin a jefa a guruf ɗin WhatsApp na unguwa. Gidan marayu da zawarawa da wanda kowa ya san ba shi da shi a ɗauke musu tun farko a fili, in ba haka ba nan gaba a kansu za a fara rigima. Sannan kada a taɓa miƙa wa wani jami'i tsabar kuɗi da sunan kwamiti, in kun ga dama za ku taimaka da man sintiri to a je gidan mai a zuba a motar a karɓo rasit. Yaran sintirin kuma a biya su a kan lokaci ko da kaɗan ne, yaron da ya kwana a tsaye cikin sanyin hunturu ya san wane gida ne mai shi ya yi tafiya, wane ne ke da sabon inbata, in ka riƙe masa haƙƙinsa wata biyu kai da kanka ka koya masa wata sana'ar.

Kuma masu cewa wani sabon salo ne na tatsar mutane, abin ba sabo ba ne, kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ake kira PCRC tun 1984 yake, kusan kowane dibishin akwai shi, ku nemi ku tura mutum ɗaya mai baki ya dinga zama a taronsu. DPO ana canza su kamar me, wanda ya ba ku lamba yau ƙila bayan salla yana wata ƙaramar hukumar, in alaƙarku da shi kaɗai ce to ranar da ya tafi kun koma farko. Ku san mai kula da sintiri, ku san mai binciken manyan laifuka na ofishin, ku karɓi lambar wayar kantar ofishin ma.

Abu na ƙarshe, get ɗin nan ku yi tunani a kansa sosai kafin ku sa, wa zai riƙe makulli, ƙarfe nawa za a rufe, in mace ta tashi da naƙuda ƙarfe biyu na dare wa za a tasa. Mu sai da aka kusa dambe a kan wannan.

Maman Hanifa:

Ku yi haƙuri in sa baki duk da taron na maza ne, don ko a namu unguwar haka aka yi, aka tara maza a ƙofar gidan mai unguwa aka gama tsara komai ba a tambayi mace ko ɗaya ba, alhali satar rana mu ake yi wa. Ku kuna kasuwa kuna ofis, mu ne a gida lokacin da yaro zai yi sallama wai a ba shi ruwa ko ana sayar da ƙanƙara a nan, idonsa na kan wayar da ke caji a taga, mu ne muke jin masu baro suna kiran gwangwan da azahar sanda layi ya yi tsit, kuma mu muka san gidan da yaronsu ba ya aikin fari ba ya na baƙi amma kullum da sabuwar waya da sabon takalmi.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce mafi yawan ɓarayin nan ba daga wata duniya suke zuwa ba, 'ya'yanmu ne, ko kuma su ne 'yan rahoto. A layinmu an kama wani yaro da injin markaɗen wata baiwar Allah da take ciyar da marayu da shi, a buhu ya sa shi ya ɗora a kan keke, 'yan sintiri suka kai shi ofis, wlh kafin la'asar dattawan layin nan da manyan rigunansu sun yi layi a gidan matar ana ba ta haƙuri, wai ɗan wane ne, ubansa mutumin kirki ne, a rufa asiri kada a ɓata masa rayuwa, har da masu ce mata ai zaman tare ya fi injin. Ta janye. Bai yi wata ba ya haura wani gidan. To a nan laifin ɗan sanda ne? In ɓera da sata daddawa ma da wari.

Don haka Malam Abu Safwan tun kafin ku tara ko sisi ku zauna ku yi alƙawari a gaban liman cewa duk wanda aka kama ko ɗan mai unguwa ne ba mai zuwa roƙo, in za a yi sulhu a yi shi a gaban hukuma a rubuce, a biya mai kaya kayansa. Kuma ku samo mata biyu ko uku masu hankali, irin malaman islamiyya ko ungozoma da ke shiga kowane gida, a ba su wata lamba da za su dinga faɗin abin da suka gani ba tare da an ambaci sunansu ba, don ba matar da za ta tona ɗan maƙociyarta in ta san gobe za a zo ana zaginta a ƙofar gida. Uwar da ta kawo ƙarar ɗanta da kanta kuma dan Allah a taimaka mata a nema masa magani ko sana'a, kada a mai da ita abin nuni, akwai su da yawa suna kuka a ɗaki sun rasa wanda za su gaya wa.

Injiniya Mai Waya:

Hajiya Allah ya saka da alheri, kin taɓo rabi, bari in ƙaro ɗaya rabin daga ɓangarenmu na kasuwa. Ɓarawo ba ya cin waya ba ya cin sumo, sayarwa yake, ranar da ya rasa mai saya ranar zai daina. Ni gyaran waya nake kuma wlh daga shigowar mutum kana ganewa, yaro zai zo yana waige-waige da waya mai tsada ba kwali ba caja, ka danna ka ga hoton wata mata da jaririnta a fuskar, ka ce cire makulli ya ce wai na yayarsa ce ta manta lambobin a yi mata filashin kawai, ko kuma ya ce nawa za ka saya ya faɗi kuɗin da bai kai rabin rabi ba. Mai tsoron Allah zai ce ba na yi, amma shago na gaba wani zai karɓa, in iPhone ce mai iCloud da ba ta buɗuwa a farke ta a sayar da sikirin daban batir daban kyamara daban, cikin awa ɗaya babu waya babu labarinta, shi yasa wani tirakin ɗin ko an yi ba a samun komai.

A manyan kasuwannin waya irin Farm Centre da Beirut mai hankali ba ya sayen ta hannu sai da rasit ko kwali, ya ɗauki hoton mai sayarwa da katin shaidarsa, don in aka biyo sawu wanda aka samu da ita a hannu shi ke kwana a ciki, kuma sayen kayan sata laifi ne mai zaman kansa a doka ko ka ce ba ka sani ba sai ka yi bayani. Irin wannan ya kamata kwamitinku ya yi da masu sayen ƙarfe da ke kusa da ku, ku je da DPO wajen mai sikelin a gaya masa duk wanda ya kawo wayar wuta da aka ƙona aka cire jan ƙarfen, ko kan famfo ko murfin kwata ko mita, ya rubuta sunansa ko ya ƙi saya. Su ma yawancinsu neman halak suke, ba sa son abin da zai rufe musu wuri.

Sai kuma abin da kowa zai yi wa kansa yau ɗin nan. Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, za ta fito, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida tare da rasit, ba wai ka yi sikirinshot ka bar shi cikin wayar da za a sace ba. Ka sa wa layinka PIN, don yanzu ba wayar ce kaɗai abin tsoro ba, layin suke cirewa su sa a ƙaramar waya su shiga asusunka na banki da lambobin nan na tura kuɗi, wani ma har bashi su ci da sunanka. In an ƙwace, kafin ma ka tafi caji ofis ka ari wayar wani ka rufe asusun ka rufe layin. Kuma ku dinga duba shafin Abdullahi Haruna Kiyawa kakakin rundunar 'yan sandan Kano a Facebook, yakan sa kayan da aka ƙwato a ce masu su su je hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da shaida, to wanda ba shi da kwali ba shi da IMEI ko tasa ce a kan tebur ɗin da me zai nuna?

Abu Safwan:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Sakatare maganar asusu da mutum uku ta kwanta min, haka zan gabatar. Hajiya maganarki kuma zan kai wa liman ita yadda kika faɗe ta. Abin da ya rage min shi ne batun kai rahoto, don mutane irin Dan Sahu sun fi yawa a unguwar, kowa ka taɓa sai ya ce me zai kai shi ofis a kan kan famfo ya ɓata wuninsa ya kuma yi asarar kuɗi. Sannan yaran sintirin in sun kama mutum iyakarsu ina? Don na ji wasu tun yanzu suna cewa a sayo musu dorina da adda.

Baba Ritaya:

Yaro Abu Safwan, ni na sa kakin nan har na ajiye shi lafiya, bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki, ba don in kare kowa ba, akwai ɓata gari a cikinmu kuma ɗana Dan Sahu abin da ya faɗa na san ana yi.

Duk ofishin 'yan sanda akwai littafi a kan kanta da ake rubuta abin da aka kawo, da shi DPO yake sanin inda ke ciwo, da shi yake rubuta rahoton da zai tura sama, da shi ake cewa motar sintiri ta bi ta nan ta bar can. Unguwar da aka yi sata goma ba wanda ya zo ya faɗa, a takarda unguwa ce mai zaman lafiya, motar ɗaya da ake da ita sai ta tafi inda masu ƙorafi suke. Shi yasa ya ce muku ko bokiti ne ku rubuta. Ba sai kowa ya je ba, ku sa mutum ɗaya a kwamiti ya dinga tattarawa yana kaiwa, ranar kaza gidan kaza an ɗauki kaza da misalin ƙarfe kaza, bayan wata biyu ku da kanku za ku ga ashe yawanci ta lungu ɗaya ake shigowa kuma tsakanin ukun dare ne da asuba, ko ranar Juma'a sanda maza suka tafi masallaci. Kuma in mutum ya je da sunan kwamiti da mai unguwa a bayansa, mai neman na goro ma yakan ji nauyi.

'Yan sandan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai dubu 400 ba, mutane sun haura miliyan 200, a cikinsu ma ga waɗanda ke gadin manya da bankuna, har sai da shugaban ƙasa ya ba da umarni a ƙarshen 2025 a janye masu bin manyan mutane. Dibishin guda sai ka ga unguwanni sun fi ashirin a ƙarƙashinsa. Wannan ba hujjar karɓar kuɗin talaka ba ce, amma shi ne dalilin da ya sa ba za ka ga ɗan sanda a lungunku ƙarfe uku na dare ba sai in an kira shi.

Abin da ya fi ƙona mana rai lokacin muna aiki shi ne kotu. Ka sha wahala ka kamo yaro da kaya a hannu, ka rubuta komai ka kai shi gaban alƙali, ranar zama mai kaya ya ƙi zuwa ba da shaida, wai ya samu kayansa ya yafe ko yana tsoron yaran, a ɗaga a sake ɗagawa daga ƙarshe a sallami yaro, sai ya dawo unguwa yana taƙama a ce ai 'yan sanda sun karɓi kuɗi sun sake shi. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa shaida ce babu. A cikin kuɗin da za ku tara ku ware na motar zuwa kotu, kuma in za a je kada a bar mai kaya shi kaɗai, mutum uku huɗu su raka shi.

Batun tubabbun 'yan daba na lokacin Gumel kuwa, ni ban ga laifin a kira yaro ya ajiye makami ba, dama can da irinsu ake kama na cikin daji, su suka san maɓoya su suka san dillalan ƙwaya. Inda ake samun matsala shi ne a yi taro a ɗauki hoto a watse, ba sana'a ba mai bibiya, yunwar da ta kai shi ta sake mai da shi.

Ɗalibar Lauya:

Baba Allah ya ƙara lafiya. Yaya Abu Safwan dan Allah batun dorina da adda ku kashe shi tun yanzu. Doka ta yarda ɗan ƙasa ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma iyakarsa ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, ba duka ba ɗauri ba tsarewa a shago har sai ya amsa. In yaro ya mutu ko ya nakasa a hannun 'yan sintirinku ba su kaɗai za a kwasa ba, har ku da sunayenku ke cikin littafin kwamiti sai kun yi bayani. Kuma mu mutanen Kano bai kamata a tuna mana illar wannan ba, mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 suna hanyar dawowa gida salla, 'yan sintiri ne suka tare su aka yi musu ihu, ba wanda ya tsaya bincike. Ihun ɓarawo in ya tashi ba ya tambayar waye.

Sannan ku san haƙƙinku a ɗaya ɓangaren. Dokar 'yan sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu ita da kanta ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, a shekarar ma aka amince da naira biliyan 13.3 don fara shirin, don haka ba alfarma DPO yake muku ba aikinsa ne. Kai rahoto ba a biyan kuɗi, beli kyauta ne, mace tana iya tsayawa wa mutum beli, ba a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, kuma wanda aka kama tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu kwana biyu. In wani jami'i ya nemi kuɗi ku fara gaya wa DPO tunda ya ba ku lamba, in bai yi komai ba akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar da ake kira CRU. Ku rubuta waɗannan a takarda ɗaya da Hausa a karanta wa yaran sintirin su sa hannu kafin a ba kowa tocila.

Dan Sahu:

Toh naji duk bayananku, Baba ayi hakuri in na fadi ba daidai ba, amma beli kyauta ne din nan a bango kawai nake ganinsa. Ni dai rokona daya in kun sa get din ku tuna da irinmu da muke dawowa gida dare da mashin, kar azo ana mana tambayar daga ina kamar baki, kuma mai makullin ya zama wanda yake daga waya ba wanda in ya kwanta sai an fasa kofa ba. Injiniya PIN din layin nan in mutum ya manta ya sa ba daidai ba sau uku ya ake yi?

Injiniya Mai Waya:

Zai nemi PUK, wato lambar buɗe layin in ya kulle, tana jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki, in ka yar da katin sai ka je ofishin kamfanin layin da NIN ɗinka. Kada dai ka yi ta cankar PUK ɗin, in ka sa ba daidai ba sau goma layin ya mutu sai an yi maka sabo.